Ba Don Gizo Ba: Tarihin Togaciyar Da Ake Rubutawa A Goshin Fim

Duk wanda ya san unguwar Gyadi-Gyadi ya san cewa tsakanin Titin Gidan Zoo, inda 'yan fim suka kafa sansani shekara da shekaru, da Titin Kotu, inda Babbar Kotun Tarayya take zaune, ba wata tafiya ba ce. Mai ƙafa ma ba zai yi gumi ba in da safe ya fito. Mu da muka daɗe muna zirga-zirga a wannan yanki na Tarauni, daga shagon mai buga rubutu zuwa na mai ba da hayar littafi, mun sha yi wa junanmu ba'a cewa Allah ne Ya haɗa wannan maƙwabtaka, don kada mai ƙaga labari ya kashe kuɗin mota ranar da labarinsa ya ja masa magana. Ba'a ce, amma an yi wasu shekaru da ta daina ba da dariya, kuma za mu zo kansu in mai karatu ya yi haƙuri.

Abin da muke son bin salsalarsa a wannan fitowa shi ne wasu 'yan layuka biyu ko uku da sukan gilma a goshin fim kafin a fara, waɗanda ba mai karanta su sai wanda ya rasa abin yi: wai labarin nan ƙagagge ne, ba a yi shi don wani ko wata ba, in kuwa ya yi kama da rayuwar wani, to arashi aka samu. Marubutanmu sukan ba abin suna iri-iri, wani ya ce gargaɗi, wani jan kunne, wani togaciya. Mu za mu riƙe togaciya. Ƙanƙanuwar aba ce a ido, amma an yi asarar maƙudan kuɗi a kotuna saboda rashinta, har aka wayi gari mutane na kai ƙara takanas ta Kano don alƙali ya tilasta a rubuta ta.

Kafin mu ƙetare teku, bari mu ba kakanninmu mata haƙƙinsu, domin sun riga Turawa sanin wannan dabara. Tsohuwa ba ta fara tatsuniya sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa, wato an buɗe ƙofa an shiga wata duniya wadda ba tamu ba. In ta gama kuma ba ta tashi haka nan, sai ta yi ƙurunƙus, ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ƙofar shiga ke nan da ƙofar fita. An kuma keɓe wa abin dare, lokacin da aka gama harkar duniya. Bahaushe ya bambanta tatsuniya da labari, ya bambanta labari da tarihi, kuma yaron goye ma ya san a cikin wanne yake. Ba a taɓa jin an kai wata tsohuwa gaban alƙali ba, saboda Kura ba ta da dangi a gari, Ƙoƙi ba ta da ƙanin da zai ce an ci mutuncin gidansu.

Rikici ya soma ne ranar da ƙarya ta hau takarda. Cikin 1933, lokacin da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai don gasa, babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa wannan aiki ne na mutumin kirki. A wurinsu tawada da alƙalami na karatun addini ne da shari'a da tarihi. Tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Daga wannan gasa aka sami littattafan nan biyar da kowa ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ganɗoki ne ya fi jan hankalinmu a nan. Bello Kagara ya ɗauko yaƙe-yaƙen gaske na zuwan Turawa, da garuruwan gaske irin su Kwantagora, ya jefa gwarzonsa a tsakiyarsu, sa'an nan ya kwashe shi ya kai shi ƙasar aljannu. Bai nemi wata togaciya ba, kuma bai buƙace ta ba, domin ɗinkin a fili yake: mai karatu na ganin inda zanen tarihi ya ƙare, inda na tatsuniya ya fara. Wahala tana zuwa ne in maɗinki ya gwanance har ɗinkin ya ɓace.

A Ingila aka fara shan wannan wahala, kuma ba a fim ba, a jarida. Cikin 1908 jaridar Sunday Chronicle ta buga wani rubutun raha game da taron tseren motoci a garin Dieppe na Faransa. Marubucin ya ƙago wani mutum ya raɗa masa suna Artemus Jones, wai dattijon coci ne daga unguwar Peckham ta Landan, an gan shi yana holewa da wata mace wadda ba matarsa ba. Ashe akwai Artemus Jones na gaske, lauya ne, ba shi da aure, ba dattijon coci ba ne, ba a Peckham yake zaune ba. Duk da haka ya kai ƙara, ya kawo abokansa suka shaida cewa da suka karanta sun zaci shi ake nufi. Jaridar ta dage a kan cewa sunan ƙirƙira ne, ba ta nufi kowa ba. Kotu ta ba shi diyyar fam 1,750, kuɗi ba na wasa ba a wancan zamani, kuma a ƙarshen 1909 majalisar sarakunan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun daga-ke-sai-Allah-ya-isa, ta tabbatar da hukuncin.

Muna roƙon 'yan'uwa marubuta su tsaya a nan su sake karantawa, domin kotunanmu sun gaji dokar ɓata suna ne daga Ingila. Abin da aka kafa a shari'ar Jones shi ne, ba niyyar marubuci ake dubawa ba. Tambayar ita ce: mutane masu hankali da suka san mai ƙara, in sun karanta, za su ɗauka da shi ake? In amsar i ce, to ko ka rantse da abin da ya fi ƙarfinka cewa ba ka san shi ba, jifanka ya same shi. A nan Arewa kuma, ban da ƙarar neman diyya, ɓata suna laifi ne a kundin Final Kod, sashe na 391 da na 392, wanda kan iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 2. Da yawa daga cikinmu sun yi shekaru suna rubuta togaciya a shafin farko suna barci da munshari, a zatonsu laya ce.

Shari'ar da ta haifi togaciyar fim kuwa ta fi wannan daɗin ji. Cikin 1932 kamfanin MGM na Amurka ya fitar da fim mai suna Rasputin and the Empress, a kan Rasputin, bokan nan da ya mallake fadar Sarkin Rasha na ƙarshe, wanda wasu 'ya'yan sarauta suka kashe a watan Disamba 1916. Jagoran waɗanda suka kashe shi, Yarima Felix Yusupov, yana nan da ransa a gudun hijira, bai kuma taɓa musun abin da ya yi ba, har littafi ya rubuta a kai. (Wannan suna Yusupov daga Yusuf ya samo asali, kakan gidan na can sama Musulmi ne daga sarakunan Tatar, zuriyarsa ce ta koma Kirista daga baya.) Masu fim suka sauya wa yarima suna, suka sauya wa gimbiyarsa suna zuwa Natasha, amma suka ƙara wani abin da bai faru ba: suka nuna Rasputin ya keta mata haddi. Gangancin da ya fi wannan, a farkon fim ɗin sun rubuta cewa wasu daga cikin mutanen da ke cikin labarin suna nan da rai. Wato togaciya suka yi a juye, suka ɗaura wa kansu igiya.

Gimbiya Irina, matar Yusupov, wadda ba ta taɓa haɗuwa da Rasputin ba, ta kai ƙara a Landan. Hujjarta mai sauƙi ce: duniya duka ta san mijinta ne ya kashe Rasputin, saboda haka duniya duka za ta ɗauka ita ce Natasha. Cikin 1934 kotu ta ba ta fam 25,000, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, kamfanin ya janye fim ɗin daga kasuwa na shekaru masu yawa. Daga nan ne lauyoyin kamfanonin fim na Amurka suka ga wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, suka mayar da togaciya farilla, ko da fim ɗin a kan mutumin da kowa ya sani ne. Abin dariyar shi ne mai kisan kai ya fito fili ya ce shi ne, ba kotun da ta hukunta shi a kan haka. Ƙaryar da aka yi wa matarsa ce ta ci wa kamfani dukiya.

Wannan rubutu ya iso Kano a cikin gwangwanin fim, da Turanci, ba kuwa wanda ya kula da shi. An buɗe silimar Rex a 1937, daga baya wasu suka biyo. Amma mutanen Kano ba su taɓa ɗaukar hoto mai motsi a matsayin tatsuniya ba. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, amma kafin ya gama gari ya riga ya yanke nasa hukuncin, ana ta raɗe-raɗin cewa wani abin saɓo aka nuna, azaba ta sauka. Da aka buɗe silimar Palace a cikin birni a 1952, an sha artabu da masu ganin an shigo da ɓarna cikin ganuwa. Jama'ar da ke ganin hoton kansa shi ne laifin, ina ruwanta da ko labarin gaskiya ne ko ƙage? Togaciya ɗaya da muka san ta yi tasiri a zukatan masu kallo a nan ita ce ta fim ɗin The Message na Mustapha Akkad, na 1976, wanda ya buɗe da bayanin cewa ba za a nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Ita kuwa ba cewa take labarin ƙage ne ba, alkawari take ɗauka cewa an kiyaye iyaka.

Togaciya ta zama tamu sosai ne a zamanin littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, wato daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa na 1990, zamanin ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu suke yawo hannu-hannu. Duk wanda ya taɓa karɓar hayar littafi a Tarauni ko Unguwa Uku ko Darmanawa zai tuna jerin shafukan farko: sadaukarwa, godiya, tukuici, sai togaciya. To amma fa ba tsoron kotu ya sa muke rubuta ta ba, mafi yawanmu ba mu taɓa jin sunan Artemus Jones ba. Tsoron unguwa ne. Ka rubuta labarin wani Alhaji mai auri-saki, ka wayi gari Alhazai uku a layinku sun daina amsa gaisuwarka. Mata marubuta sun fi shan wannan, domin duk abin da tauraruwar littafi ta yi, sai a ce marubuciyar ce take ba da labarin ɗakinta, dangin miji su kama binciken wace ce uwar mijin da aka zaga a babi na huɗu.

Mu kuma faɗi gaskiya ko da a kanmu ne: ba kullum togaciyar nan take gaskiya ba. Akwai littattafan da habaici ne tsagwaronsa daga bango zuwa bango, an rubuta su don wata kishiya ko wani saurayin da ya yaudara, sa'an nan aka liƙa musu arashi a goshi. Wanda aka yi dominsa ya gane, unguwa ta gane, in ya yi magana a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan wayo ne irin na Gizo, kuma yana daga cikin abin da ya rage wa togaciya daraja a idon masu karatu.

Da labari ya tashi daga takarda ya koma kaset, bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai abin ya ƙara tsanani, domin yanzu ƙarya ta sami fuska, fuskar kuwa ta ɗan unguwa ce da ake haɗuwa da shi a masallaci. Fim ɗin da ya fara nuna iyakar ƙarfin togaciya a ƙasar Hausa shi ne Saliha? na Yakubu Lere, wanda ya fito daga Kaduna a 1999. Labarin wata yarinya ce mai hijabi da kamun kai a ido, wadda mijinta ya tarar a daren farko ba yadda ya zata take ba. Mai karatu ya lura da alamar tambaya da ke jikin sunan. Ita kanta wata 'yar togaciya ce, tana cewa mutum ɗaya ake tambaya a kanta. Ba ta yi amfani ba. Wata ƙungiyar addini a Kaduna ta ɗauki fim ɗin cin zarafi ne ga hijabi da duk mai sa shi, har ta yi barazana ga rayukan masu shi in ba su janye shi sun nemi gafara ba. A nan ne muka fara ganin sabon salon ƙorafi: mai kuka ba mutum ɗaya ba ne da zai ce ni aka zaga, jama'a ce guda take cewa mu aka zaga. Dokar ɓata suna kuwa an gina ta ne don mutum mai suna da adireshi.

Wannan sabon salo shi ya juya tarihin togaciya a duniya. Da, mai fim ne yake sa ta don kare aljihunsa, yanzu masu ƙorafi ne suke nemanta don kare mutuncinsu. Da za a fitar da The Da Vinci Code a 2006, fim ɗin da aka ciro daga littafin Dan Brown na 2003, ƙungiyar Katolika ta Opus Dei ta roƙi kamfanin Sony ya rubuta a farko cewa ƙage ne. Daraktan, Ron Howard, ya ƙi, yana ganin fim ɗin nishaɗi bai buƙaci haka ba. Sai dai masu ƙorafin suna da abin kamawa, domin littafin ya buɗe ne da shafin da ke ikirarin cewa wasu abubuwan ciki tabbatattu ne. A Indiya hukuma ta tsaya kai da fata, aka jinkirta fim ɗin, bai fita ba sai ranar 26 ga Mayu, ɗauke da togaciya, kuma na manya kaɗai. Duk da haka jihohi da dama suka hana nuna shi, har sai da manyan kotunan wasu jihohin, irin su Andhra Pradesh da Tamil Nadu, suka soke hanin. A Ingila ma, cikin 2020, sakataren al'adu Oliver Dowden ya nemi Netflix ya sa irin wannan rubutu a kan The Crown, shirin gidan sarautarsu, kamfanin ya ce a'a.

Shari'ar da ta fi dacewa mu nazarta ita ce ta The Kerala Story, ba don komai ba sai don Musulmi ne a ɓangaren masu kuka, kuma daga ƙasar da muka fi kowa kallon finafinanta. Tallar fim ɗin ta farko ta yi ikirarin cewa mata 32,000 daga jihar Kerala aka yaudara suka musulunta aka kai su ƙungiyar ISIS. Da aka matsa wa masu shi su kawo hujja, sai tallar ta koma labarin mata 3. Fim ya fita ranar 5 ga Mayu 2023, gwamnatin Bengal ta Yamma ta hana shi bayan kwana uku, magana ta kai Kotun Ƙoli. Ranar 18 ga Mayu, kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai D. Y. Chandrachud, ta dakatar da hanin, amma ta sa a rubuta abu biyu a jikin fim ɗin: cewa babu sahihiyar ƙididdigar da ta tabbatar da adadin 32,000 ko wani adadi, da cewa labarin ƙagagge ne. Kowa ya samu, kowa ya rasa. Mai fim ya tsira da fim ɗinsa, kotun ba ta yanke ko taƙi ba, masu kuka sun tsira da shaidar kotu cewa lissafin ba shi da tushe. Amma adadin ya riga ya yi wata da watanni yana yawo a wayoyin mutane, fim ɗin kuma ya shiga sahun waɗanda suka fi kawo kuɗi a Indiya a shekarar. Wani zai ce ihu bayan hari ne, ba kuma za mu ce ya yi ƙarya ba.

Mu dawo gida. A Kano rigimar ta bi wata hanya dabam. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, sa'an nan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha, ga kuma ta tarayya da aka kafa tun 1993. Mai ƙorafi a kan fim ya sami ƙofar da ta fi kotu kusa da arha. Cikin 2007 wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya fantsama a wayoyin hannu, gari ya ɗauki zafi, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. A shekarar ne kuma aka ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Wuta ba ta tsaya karanta shafin togaciya ba. A 2008 hukumar ta juyo kan marubuta da batun rajista da tace littafi kafin bugu, har ƙungiyoyin marubuta suka haɗa kai suka ja daga.

A wannan tsakani ne kotun tafi-da-gidanka ta hukumar ta yi suna. An ɗaure Adam A. Zango wata 3 a 2007 saboda faifan waƙoƙinsa Bahaushiya. A 2008 aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro wata 2 a kan Ibro Aloko. A takarda, laifin rawa ne da rashin rajista. A bakin mutanen gari kuwa, wata waƙa ce a ciki da ake ganin zambo ce ga wani yadi mai ratsi-ratsi da manyan gwamnatin lokacin suke yawan sawa. Ga shari'ar Artemus Jones ta dawo da rigar Hausa, kowa ya gane wanda yake ganin ana nufi, sai dai ba wanda ya tsaya a gaban alƙali ya ce ni ne.

Wadda ta fi duka tsayawa a rai ita ce ta Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, wanda ya yi takarar gwamna a 2007. Fim ɗinsa Tsintsiya, wanda ofishin jakadancin Amurka ya tallafa, labarin soyayya ne tsakanin ƙabilu da addinai a ƙasar da rikici ya sha ɗaiɗaitawa. An kama shi a watan Mayu 2008, ana zarginsa da gudanar da kamfani ba rajistar hukumar, da sakin fim a Kano ba tare da ta tace ba. Shi kuwa ya dage cewa hukumar tarayya ta tace fim ɗin, kuma bai sake shi a kasuwar Kano ba. Ranar 30 ga Disamba 2008 aka yanke masa ɗaurin wata 15 da tarar naira 300,000. Ya yi wajen wata biyu da rabi a kurkuku kafin Babbar Kotun Jiha, a watan Maris 2009, ta soke hukuncin saboda kurakuran da aka tafka wajen shari'ar, ta ce a sake. A waɗannan shekaru ne ƙungiyar masu shirya finafinai, MOPPAN, ta yi waccan gajeriyar tafiya da muka ambata a farko, ta kai hukumar ƙara Babbar Kotun Tarayya, tana ƙalubalantar ikonta a kan aikin da hukumar tarayya ta riga ta ba shi shaida.

Abin lura a waɗannan shari'u uku shi ne ba a ɗaya da aka zauna aka tambayi ko labarin gaskiya ne ko ƙage, ko ya cuci wani ko bai cuta ba, ko akwai gyaran da zai wanke shi. Takarda ake tambaya: ina rajista, ina shaidar tacewa. Har a watan Mayu 2025, da hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, dalilin da ta bayar shi ne an sake su ba a kawo an tace ba. Wannan ya sa in muka karanta hukuncin Kotun Ƙolin Indiya mukan ji wani abu mai kama da ƙyashi, duk da raunin da muka nuna a cikinsa. Can an saurari mai fim, an saurari mai kuka, aka nemi maganin da bai kai yanka ba. Mu dai da a tilasta mana ƙara layi biyu a goshin aiki, da a sa masa almakashi ko ashana, mun san wanda za mu zaɓa, ko da yake ba mu so a wayi gari kowace ƙungiya ta unguwa tana da layinta da take son a liƙa.

Legas ta matso kusa da wannan hanya. Bayan fitar Gangs of Lagos na Jade Osiberu a Prime Video cikin Afrilu 2023, ƙungiyar zuriyar Isale Eko ta kai ƙara Babbar Kotun Legas tana neman naira biliyan 10, saboda an nuna 'yan daba suna fakewa da shigar dodon Eyo suna kisa. A 2025 aka yi sulhu a gaban kotu, masu fim suka amince su rubuta takardar ban haƙuri. Ba a ɗaure kowa ba, jama'ar da ta ji an taɓa ta kuma ta sami abin nuna wa 'ya'yanta. Irin wannan kuka mun ji shi a Zazzau da wajenta lokacin da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya hau Netflix a 2021, masana suna cewa ba sutura ba, ba al'ada ba, ba tarihin Sarauniya ba.

Masu shirya fim na Kano kuwa, da suka ga togaciyar rubutu ba ta hana komai, sai suka koma wa dabarar tsohuwa, suka gina ƙagaggun garuruwa. Tashar Arewa24 ta zaunar da mutanenta a wani gari wai shi Daɗin Kowa. Da ta zo yin Kwana Casa'in a 2019, shirin da ya taɓo siyasa da cin hanci da aikin jarida gaba-gaɗi, sai ta ƙago jihar Alfawa, ta naɗa mata Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya hau. Babu Alfawa a cikin jihohi 36, babu lauyan da zai tashi ya ce shi ne wakilinta. Amma duk wanda ya zauna teburin mai shayi a Gyadi-Gyadi washegarin da aka nuna shirin ya ji yadda ake yi: kafin ruwa ya tafasa kowa ya riga ya raɗa wa Bawa Maikada sunan gwamnan da ya tabbata da shi ake, ɗan wannan jam'iyya ya ce na waccan ne, ɗan waccan ya ce na wannan ne, har mai shayi ya gaji ya ce a biya shi kuɗinsa.